Karakoli a Kaskon Hinda

Hinda ba ta taɓa ƙaunar ƙanin mijinta ba, kuma ba ta taɓa wahalar da kanta wajen ɓoyewa ba. Tun yana saurayi mai dogon wuya, yana faɗowa gidan wansa daidai lokacin da ake kwashe tuwo, jininsu bai haɗu ba. Shekara goma sha tara da Zakariya'u ya yi a Kamaru su ne shekarun da suka fi zaman lafiya da juna. Har Rabilu, mijin nata, ya yi jinyarsa ya koma ga Ubangijinsa, ƙanin bai tako ba. Waya ya bugo, ya yi ta'aziyyar da ba ta kai tsawon alwala ba, ya ce kiredin wayarsa ya ƙare. Sai ga shi bana da bazara kabu-kabu ya sauke shi a Tsamiya Uku, da akwati ɗaya da wani ɗan buhu da yake rungume da shi duk inda ya sa ƙafa. Bai kwana huɗu ba ya ce rumfa yake so.

Rumfar ba wata abar kallo ba ce, sanduna shida ne da rufin kara da tsohon kwano. Sai dai ita ce ta farko da mai saukowa daga motar Dungas yake cin karo da ita, ita ce kuma ta ƙarshe da mai tafiya Dogo-Dogo yake bari a bayansa, kuma duk wanda ya san kasuwa ya san abin da wannan ke nufi. Mahaifin su Rabilu ne ya kafa ta yana sayar da goro. Da ya rasu, Rabilu ya ce matarsa ta shiga. Shekara ashirin da huɗu ke nan Hinda na suyar gyaɗa a ciki, ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa. A nan ta yaye ƴarta Safiatou, daga nan ta yi mata kayan ɗaki, daga nan take ci yanzu da ba kowa a gidan sai ita. Idan aka tashe ta, wurin da ya rage shi ne can bayan kasuwar awaki, inda ba mai ratsawa sai dillalai da ƙudaje.

Ita ta ce sai dai a fitar da gawarta daga ciki. Shi ya ce gadon ubansa ne, matar wa ba ta gadon suruki. Suka yi kwanaki suna aika wa juna baƙar magana ta bakin mutane, domin ko gaisuwa sun ajiye, har zancen ya kai gaban sarkin kasuwa. Dattijo ne da ya gaji da rigimar rumfuna tun kafin a haifi rabin masu rumfunan. Ya zaunar da su a gindin tsamiyar tsakiya, ya saurari kowa yana sakace haƙori.

"Rumfa ta ubanka ce, wannan ba musu," ya ce wa Zakariya'u. "Amma tun da aka kafa kasuwar nan ba mu taɓa tashin mai sana'a mun zaunar da mai hannu a aljihu ba. Kai mece ce sana'arka?"

"Kafe, ranka ya daɗe, wanda wasu ke ce wa kofi."

"Na gwangwani? Ai ga masu tebur uku can a tasha suna kaɗa shi tun asuba."

"Ba wannan garin banzan ba. Na gaske nake nufi, wanda ake soyawa a niƙa a tace."

Ya kwance bakin buhun nasa a hankali, ya ɗebo tafi ɗaya ya miƙa. Hinda ta leƙa, ba don an gayyace ta ba. Ƙwayoyi ne ƙanana, dunƙulallu, kore-kore, kowace da ɗan siririn tsagu a ciki. Ta sheƙe da dariya.

"Wannan ne arzikin Kamaru? Ranka ya daɗe, wallahi an cuce shi. Mu a gyaɗa, kwanson da ya zo da ƙwaya ɗaya ƴar mitsitsiya shi muke warewa mu watsa wa kaji. Gindin faifai aka tattara masa, ya ɗauko tun daga wata ƙasa."

"Abin da ba ki sani ba ki bar shi, Yaya Hinda," ya ce, ko kallonta bai yi ba. Ya juya ga sarki. "Ɗan itacen kafe ƙwaya biyu ke cikinsa, kowace da gefe ɗaya a shafe. A cikin ashirin ɗaya kan zo da ƙwaya guda tak, ta dunƙule, abin da biyu za su raba ita kaɗai ta shanye. Karakoli ake ce mata. Wannan duk daga gona ɗaya ya fito, a kan dutse bayan Fumban, ba a gauraya shi da na kowa ba. Ni na tsince shi da hannuna, ɗaya bayan ɗaya. Aikina ke nan a can."

"Shekara goma sha tara kana tsince-tsince," in ji Hinda. "Kazar gidanmu ma ta fi ka, ita ko ƙwai tana yi."

"Ya isa," in ji sarki. "Ranar kasuwa mai zuwa, bayan la'asar, zan zo da mutum biyu. Ka soya shi a cikin kasuwar nan, ka haɗa mu sha. In ya shawu, rumfa taka ce. In bai shawu ba, Hinda tana nan inda take, kuma kada in ƙara jin zancen."

Zakariya'u ya ce ya yarda. Hinda ma ta ce ta yarda, kuma ta fi shi saurin faɗa, saboda lokacin da yake ta zuba bayani ita hannunsa take kallo. Yatsunsa sumul suke, ba tabo ko ɗaya. Nata kuwa tun daga wuyan hannu har gwiwa zanen wuta ne, sabo a kan tsoho. Mutumin ya ce ya tsince, bai ce ya soya ba. Ta koma rumfarta a ranar har da ƴar waƙa a baki.

Ranar kasuwa tun da hantsi ya zo ya kafa kayansa a rana, gefen rumfar, ta yamma. Murhun ƙarfe na gawayi, da sabon kwanon suya mai ƙyalli wanda bai fi kaurin takarda ba. Hinda ta dubi kwanon sau ɗaya ta san yadda za a ƙare. Ya hura wuta har tana huci, ya zuba ƙwayoyin, ya tsaya yana motsawa da cokali kamar mai tsoron kada su ji ciwo. Kafin kamiyon farko ya gama sauke buhunan wake, baƙin hayaƙi ya turnuƙe bakin tasha. Ya sauke da sauri, ya fasa ƙwaya ɗaya da haƙori. Waje gawayi, ciki ɗanye.

"Nasiba!" Hinda ta kira maƙwabciyarta mai ƙuli-ƙuli da ƙarfi, don duk layin ya ji. "Ki leƙa ko tayar mota ce ke ci a tasha."

"A'a, kafen Kamaru ne ya nuna," in ji Nasiba.

Mata suka kwashe da dariya. Zakariya'u ya zubar da baƙin a bayan katanga.

Suya ta biyu ya yi ta wajen azahar. Wannan karon tsoro ne ya kama shi, ya rage wutar har ta kusa mutuwa, ƙwayoyin suka yi ta zama a kwano suna yamushewa ba su soyu ba. Da ya gaji da jira ya ƙara gawayi gaba ɗaya, wani ɗan kabu-kabu ya tsokane shi, ya juya zai rama, rabi ya ƙone rabi ya tsaya fari. Hinda ba ta taɓa jin daɗin ranar kasuwa irin wannan ba. Mai sayen gyaɗar dala biyar sai ta cika masa hannu ta ƙara gyara. La'asar na gabatowa, kuma lokacin da ya rage bai wuce na suya ɗaya ba.

Da aka sauko daga sallar azahar sai ya ɗauki murhunsa ya kewayo da shi ta gabas, inda iska ke fitowa, ya dire shi dab da gwiwarta. Ya zuba na uku. Sannan ya ɗaga murya yana yi wa ƴan kallo bayani, cokalin na rataye a hannunsa.

"Ba laifina ba ne, kayan aiki ne babu a ƙasar nan. A can inji ne ke yi, da ma'aunin zafi. Wannan ba gyaɗa ba ce da kowace tsohuwa za ta watsa a rairayi ta zauna tana gyangyaɗi. Daga nan har Magariya babu hannun da zai iya soya karakoli. Na rantse babu."

Hinda ta ci gaba da ƙulla gyaɗarta a leda. Ta ce wa ranta ya yi ta haushi, saura kaɗan. Amma hancinta ba ya jin magana. Ya gaya mata gefen hagu na kwanon ya fara kamawa, tsakiya ko ɗumi bai gama yi ba, kuma in ba a juya yanzu ba nan da numfashi ashirin an gama. Ta ƙulla leda ɗaya ta kwance, ta sake ƙullawa. A rayuwarta ba ta taɓa zama ƙwaya na ƙonewa a gefenta ba, ko tata ko ta wani. Ga shi kuma ya ce tsohuwa, ya ce gyangyaɗi, a gaban matan da ita ta koya wa rabinsu riƙon sakaina.

"Ka juya ta hagu, kai makaho ne?" Maganar ta fita kafin ta kama ta.

"Ki kula da gyaɗarki, Yaya. Wannan ya fi ƙarfinki."

Ta miƙe.

"Hinda," in ji Nasiba ƙasa-ƙasa, ta riƙo bakin zanenta. "Zauna. Kin san abin da za ki yi kuwa?"

"Sake ni. Na sani sarai."

Ta san abin da ta shirya dai. Za ta soya shi ya kai inda kowa zai ji ƙamshi, kasuwa ta shaida cewa akwai hannu a Tsamiya Uku, sannan ta naɗe hannu ta bar shi ya zama toka a gaban idonsa. Ta nuna masa, ta kuma riƙe rumfarta. Dabara ce mai kyau, wadda mutum ke yi lokacin da ransa ya ɓaci.

"Matsa can, marar amfani!" Ta fizge kwanon daga kan wuta da gefen zane, ta juye a faifai, ta tsince guda goma sha da suka riga suka yi baƙi ta watsa masa a ƙafa.

Ta sauke kaskonta, ta juye tsohon rairayin a gefe, domin ya sha gishiri da man gyaɗa, zai ɓata duk abin da aka sa masa. Ta jawo buhun sabo, wanda ta ɗebo a ƙorama ta wanke ta tankaɗe da kanta. Mai niyyar ƙona abu ba ya canja masa rairayi, amma ba ta tsaya ta tambayi kanta wannan ba. Ta zuba, ta mayar da kaskon kan wuta, ta gyara itace biyu, ta janye ɗaya, ta riƙa shawagi da bayan hannu a kan kaskon har zafin ya kai inda take so. Sannan ta zuba.

Tun juyi na uku ta gane ƙwayar nan ba ta wasa ba ce. Gyaɗa takan kwanta a gefe ɗaya sai an tashe ta. Wannan kuwa mirginawa take yi da kanta a cikin rairayin, ko'ina na samun wuta daidai, kuma tsagun nata siriri ne, yashi ba ya maƙalewa. Sakaina na tafiya, ƙasa zuwa sama, gefe zuwa tsakiya. Da fari warin ɗanyar ciyawa ya tashi, ƙwayoyin suka koma rawaya. Can sai ƙamshi ya juya ya zama irin na tumu a bakin gona. Hinda ta daina jin surutun tasha. Ta manta da Zakariya'u, ta manta da sarki, kunnenta na cikin kasko. Gyaɗa ma tana magana in ta kusa, ita kuwa ta san ko wace ƙwaya ce dole ta yi magana.

Ƙas. Ɗaya ta fashe. Ƙas, ƙas-ƙas. Sai duk kaskon ya ɗauka, ɓawo siriri na tashi yana bin iska. Launin ya kai na busasshen dabino. Ƙamshin da ya fito a lokacin bai yi kama da komai da aka taɓa soyawa a kasuwar nan ba, har masu jiran mota suka taso da kayansu a hannu. Mahauci ya bar nama ya leƙo. To, an ji, an shaida. Yanzu ne lokacin naɗe hannu.

Fashewar ta fara raguwa. Wani ɗan kaifi ya soma shigowa cikin ƙamshin, ɗan kaɗan, wanda duk taron ba mai jin sa sai ita. Hinda ta ce wa kanta bar shi. Ta faɗa har sau biyu. Da ta duba sai ta ga kaskon a ƙasa, rairayi na zuba ta ramukan rariya, hannunta na girgiza rariyar da sauri, ta riga ta juye a faifai tana bakace don zafin ya fita. Hannun da ya yi shekara ashirin da huɗu bai taɓa barin ƙwaya ta wuce lokacinta ba, bai tsaya shawara da ita ba.

Ƙwayoyin na kwance a faifai, launinsu ɗaya tun daga na farko har na ƙarshe, ba baƙa ba fara. Nasiba ta dafe kai da hannu biyu.

Hinda ta farga. Ta yunƙura za ta kifar da faifan a cikin wuta, amma Zakariya'u, wanda tun safe komai nasa sanyi-sanyi yake, wannan karon ya riga ta. Ya ɗauke ya manna a ƙirji ya ja da baya taku uku.

"Ba ni nan! Faifaina ne!"

"Faifan naki ne," ya ce. Ya juye a ƙyalle ya miƙa mata shi wayam.

Bayan la'asar sarkin kasuwa ya iso, da sarkin pawa, da Malam Ubaidullahi mai awon hatsi. Aka shimfiɗa musu tabarma a bakin rumfar, ita Hinda na ciki a zaune kan kujerarta, ta haɗe rai, tana roƙon Allah ya sa mutumin ya ɓata abin a wajen haɗi. Bai ɓata ba. Abin haushin ke nan: a nan hannunsa ya san hanya. Ya niƙa da wata ƴar na'ura ta hannu, ba lilis ba, tsaki-tsaki. Ya tafasa ruwa ya sauke, ya bar shi ya ɗan huce. Ya ɗaure farin ƙyalle a bakin buta, ya zuba garin, ya ɗiga ruwa kaɗan. Garin ya kumbura yana kumfa, ya tsaya ya jira shi ya kwanta, sannan ya ci gaba da zubawa siriri-siriri yana kewayawa, bai yi gaggawa ba. Ya cika finjali uku.

"Ina sukari?" in ji sarkin pawa.

"A kurɓa ɗaya tukuna ba sukari, don Allah. In bai yi ba ga shi nan."

"Yau na ga rowa. A kira mutum a ba shi ruwan ɗaci kamar mai ciwon shawara."

Hinda ta ɗan ji sanyi a ranta. Sarkin pawa ya kurɓa ya yamutsa fuska, ya jawo gwangwanin sukari ya zuba cokali uku, ya shanye, ya ce to yanzu an yi magana. Malam Ubaidullahi ya sha nasa yana kallon cikin finjalin. Sarkin kasuwa kuwa ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye. Ya sake kurɓa. Da ya ƙare sai ya miƙa finjalin.

"Ƙaro."

Hinda ta fito daga rumfar kamar an jefo ta.

"Ranka ya daɗe, ni na soya shi! Kowa ya gani! Sau biyu yana ƙonawa, ga shi can bayan katanga a je a duba. Wannan da kuka sha daga kaskona ya fito, da rairayina, da itacena!"

"Na ji labari tun kafin in taso," in ji sarki. "Ya roƙe ki?"

Ta kau da kai gefe.

"Na ce ya roƙe ki? Ko wani ya tilasta miki?"

"Zagina ya yi."

"Zagi kuma ai kin fi shi iyawa, da kin rama daga inda kike zaune." Dattijon ya goge baki, kuma ba da jin daɗi yake maganar ba. "Hinda, mai tuwon kasuwa ba ita ke niƙa ba, inji take kaiwa, ba wanda ya taɓa cewa tuwon na mai inji ne. Na ce a soya a cikin kasuwar nan, an soya. Na ce in ya shawu, ga shi har na nemi ƙari a gaban mutane. In na juya magana yau, gobe ba mai kawo mini ƙara. Rumfa ta ɗan mai rumfa ce. Ki kwashe kafin kasuwa mai zuwa."

"Ba sai kasuwa mai zuwa ba," ta ce. "Ba na kwana da kayana a rumfar ɓarawo."

Dattawan suka tashi. Ƴan kallo suka watse da sauri, kowa ya tuna yana da abin yi. Hinda ta shiga haɗa kaya tana jifa da su. Baƙin ciki ya cika ta, kuma abin da ya fi ci mata rai shi ne ba ta da wanda za ta ɗora wa. Ta ɗaure buhun rairayi, ta tattara ledoji, ta sa sakaina ta fara tonon duwatsun murhu, domin su dai ba na ubansa ba ne.

Inuwa ta tsaya a kanta. Zakariya'u ne da finjali a hannu, na ƙarshen butar.

"Naki ne, Yaya."

Ta karɓa da niyyar watsa masa a riga. Sai dai ba a taɓa sauke abu daga kaskonta ya tafi ba ta ɗanɗana ba, kuma tana so ta ji da bakinta cewa a kan shirme aka raba ta da wurinta. Ta kurɓa.

Ɗacin ya zo da farko, amma mai tsabta, ba irin na gwangwani mai kartar maƙogwaro ba. Kafin ta gama shirin tsine masa sai ya janye, wani ɗan tsami ya biyo baya, mai sauƙi, irin na magaryar da ta nuna a kan itace. Ta haɗiye. Can a bayan harshe zaƙi ya taso a hankali, ba na sukari ba, ya zauna. Ba ƙauri ko kaɗan, ba ɗanye. Da ta ƙara numfashi biyar a kan wuta da tsamin nan ya mutu, da ta rage biyar da ciyawa za a sha. Ta sauke shi daidai. A duk suyar da ta yi a duniya ba ta taɓa yin wadda ta kai wannan ba, kuma ta ji ta tsani abin har cikin ƙashinta.

"Ba sai kin tafi bayan awaki ba," in ji shi, ya sassauta murya. "Ki zauna nan daga waje, ta gefen rana, kina soya mini duk ranar kasuwa. Sauran buhun na nan, wani ma na tafe."

"Daga waje."

"Ciki ai tebur zan sa."

Ta dube shi tun daga hula har takalmi. Sai a lokacin wani abu ya faɗo mata.

"Me ya sa ka dawo da murhunka ta gabas?"

Bai yi ko ƙoƙarin musu ba. Har wani ɗan murmushi ya yi, irin na wanda ke son a yaba masa.

"Yaya Rabilu ne. Duk sanda muka yi waya sai ya yi zancenki. Ya ce matata ko tuwon maƙiyinta ne ke ƙonewa a maƙwabta, sai ta tsallaka katanga ta sauke, ta dawo tana zagi. Yana faɗa yana dariya. Biyun farko da gaske na ƙona su, ban iya ba. Na ukun ne na tuna da maganarsa."

Hinda ta tsaya da finjalin a hannu. Rabilu bai taɓa faɗa mata haka ba. Shekara talatin suna tare, mutum ne marar yawan magana, ta ɗauka bai ma lura ba. Ashe can yake kai yabon nata, wata ƙasa, wurin wannan, shi kuma ya adana shi shekara da shekaru har ya sami ranar amfani da shi. Idonta ya kawo ruwa, ta mayar da shi da ƙarfi, don ba za ta yi kuka a gaban Zakariya'u ba ko za a yanka ta.

Ta ajiye finjalin a ƙasa, ta sa ƙafa ta ture shi.

"Ka saurare ni da kyau, ɗan Kamaru. Ko kasuwar nan za ta kama da wuta daga kwanonka, ba zan ƙara taɓa ƙwayarka ba. Kuma kada bakinka ya sake kiran sunan mijina."

"Yaya..."

"Ba ni ce yayarka ba. Wanda ya haɗa mu yana ƙasa."

Nasiba ta bar ƙuli-ƙulinta ta zo ta ɗauki duwatsun murhu a cikin zane. Hinda ta naɗa gammo, ta ɗora kaskon da sauran ɗuminsa, ta rataya buhun rairayi a kafaɗa. Suka ratsa layin masu hatsi, suka ratsa na masu tabarmi. Mutanen da suka yini suna taya ta dariya duk suka sunkuyar da kai suna gyaran kayan da ba su ɓaci ba. Ba ta waiwaya ba.

A bayan kasuwar awaki ƙasa duk kashin dabbobi ce da ɓawon rake. Nasiba ta share mata wuri da reshe, ta jera duwatsun, ta koma. Hinda ta sauke kaskon ta zauna a kan buhu. Daga nan ko rufin rumfar ba a hangowa. Ta jawo butarta ta kurkure baki sau uku ta zubar. Ta ɗebi gyaɗarta mai gishiri ta tauna, ta tofar, ta sake kurkurewa. Zaƙin yana nan a bayan harshenta, har aka kira magariba bai tafi ba.